Faifan Malam Chollom

Malam Chollom mutumin Filato ne, malamin lissafi a wata sakandare a Gwarzo. Siriri ne kamar karan dawa. Shekara goma sha huɗu yana cin tuwon garin nan, Allah bai nuna mana inda tuwon yake shiga ba.

Akwai wata manhajar lissafi ta kyauta da masu ita suka sakar wa duniya. Sai dai gunduwa-gunduwa take zuwa, kai za ka harhaɗa abarka. Makarantun Garo da Dugabau kuwa an ba su kwamfutoci masu Windows, sun lulluɓe su da zane kamar masu jinya. Malam ya ɗora wa kansa ɗaure gunduwoyin nan a faifai guda, a danna sau ɗaya manhaja ta zauna. Ba wanda ya aike shi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, dangin matarsa Clara suka yi ta komawa gida. Ba wanda ya taɓa su a Gwarzo, amma ta gaji da zaman ɗar-ɗar, ga albashi sai ya ga dama yake zuwa.

"Baban Emily, yaushe za mu koma Jos?"

"Bari faifan nan ya yi aiki."

"Ba ka ce yana yi ba?"

"A kwamfutata yake yi."

"To a ɗaura muku aure mana, in huta."

Gaskiyarsa ne. Tsohuwar kwamfutarsa ta haɗiye fayiloli iri-iri tun tuni, faifan yana jingina da su bai sani ba. Ya hau babur har Dugabau, kwamfutar can ta ce wani fayil babu. Ya dawo ya cusa, ya koma, ta nemi wani. Damina biyu ana haka.

Daga ƙarshe Malam Badamasi, shugaban makarantar Garo, ya ba shi aron kwamfuta ɗaya, Malam Chollom ya goge ta tas, ya yi ta gwaji a kanta har faifai ya zauna. Suka gwada sauran, duk suka karɓa.

"Madalla, Malam!" in ji Badamasi. "Yanzu ko ba ka nan ma mun iya."

Yabo ne fa, bawan Allah.

A hankali Malam Chollom ya tuƙo babur zuwa gida. Clara na tsince shinkafa.

"Ya yi?"

Da ya ce a'a, da ta yarda. Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

"Ya yi," ya ce.

Kafin a yanke gero sun tafi.