Kainji ko Chadi

Tun ina amarya Baba da surukina suke shirin tafiya Najeriya kamun kifi, har na yaye 'ya'ya uku ba su yanke inda za su ba. Baba mutumin Yawuri ne, a wurinsa tafki ɗaya ne a duniya, shi ne Kainji. Surukina, wanda nake kira Alhaji, a Baga ya tashi, in ka ce masa akwai kifi a wani wuri ban da Chadi sai ya dube ka da tausayi. Ni kuwa a Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Amma kunnena ya sha labarinsu har ya ƙoshi.

Duk Juma'a bayan la'asar maigidana yakan kwashe mu a tsohuwar motarsa zuwa bakin teku ta kudu. Tsofaffin biyu su hau duwatsu da fatsarsu, kowa da dutsen da yake zama, ni kuma in shimfiɗa tabarma can bayansu da fulas ɗin shayi da yara. Kafin ƙugiya ta taɓa ruwa an fara.

"Giwan ruwan Kainji, sai ƙarti biyu ke ɗaga ɗaya," in ji Baba.

"Ƙartin Yawuri dai," in ji Alhaji. "Mu a Baga irin wannan mayar da shi muke yi ya ƙara girma."

"Wane Baga? Ruwan naku ai ya gudu, sai an hau raƙumi an bi shi."

"Naku fa? Kogi ne aka toshe wa baki, kuka sa masa suna tafki."

Daga nan sai a koma kan tsage, kifin nan mai haƙora da suka ce yana tsinke waya. Baba ya ɗaga ɗan yatsansa mai tabo ya ce aikin tsagen Kainji ne. Ummata ta rantse ƙofar mota ce ta datse shi a unguwar Mahjar, amma ba a gabansa take faɗa ba. Duk wannan cika baki, abin da suke kamowa bai wuce 'yan ƙananan kifaye kamar tafin hannu ba. Ni ce mai fere su, ni ce mai soyawa, kuma dole in ce masha Allah. Haushi ya sha kama ni. Na sha ce wa maigidana, "Wallah ku sa su a jirgi su je su gani, halas, shi ke nan, mu huta."

A baki kawai nake faɗa. Baba ya zo aikin Hajji tun kafin a haife ni, bai koma ba, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa daidaita ba. Marar takarda irinsa in ya fita, ya fita ke nan, ba dawowa. Mu 'ya'yansa da jikokinsa duk a nan muke. Kowa ya san wannan, ba mai faɗa. Muddin ba a zaɓi tafki ba, ba tafiya.

Sai shekarar da Alhaji ya ajiye aikin gadin da yake yi a wani sito a unguwar masana'antu ta nan Jidda. Gwiwa ta gaji, kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, ya sallame shi lafiya, ya ce zai koma gida gaba ɗaya. A lokacin kuma ana barin marasa takarda su fita ba tare da an tsare su ba, sai dai ba dawowa.

Ran Juma'ar da ta biyo, Baba ya buɗe baki zai fara da ƙartinsa biyu, Alhaji ya tare shi.

"Mutumin Yawuri, halas. Na yarda. Kainji za mu. Ka shirya mu tafi tare."

Baba ya tsaya da tana a hannu. Ya yi tari, ya ce, "Ai ni ma kwanan nan na yi tunani. Chadin nan naku, an ce ruwa ya ɗan dawo."

"To Chadi," in ji Alhaji. "Duk wanda ka ce."

Na san Baba. Bai taɓa cewa "to" a gaban wani namiji ya janye ba, ko da abin zai kashe shi. Ga autata a jikinsa tana riƙe masa gwangwanin tana, yana kallon kanta, yana kallon ruwa. Na ga leɓensa ya fara motsi, zai ce "to".

Ni dai tun da aka kawo ni gidan su maigidana, ban taɓa wuce gaisuwa da Alhaji ba. In zai sha shayi, yaro nake ba ya miƙa masa. Ko sunan garinsu ba na faɗa da ƙarfi. Amma ran nan sai na ji muryata ta fita daga kan tabarma, har masu fatsa na gefe suka waiwayo.

"Ya Baba, ai an ce duk kifin Tiga ya fi na wuraren nan biyu."

Maigidana ya ƙware da shayi. Tigar nan ban san ko gabas take ko yamma ba, wata maƙwabciyarmu Bakanuwa ce na taɓa ji tana yabonta.

Tsofaffin suka juyo tare. Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Ashe yarinyar nan tana magana?"

"Tiga?" in ji Baba. "Kududdufin Kanawa?"

"Wurin wankin babur," in ji Alhaji.

"Wa ya gaya miki? Wa ya lalata ki?"

Kunya kamar in nutse cikin yashi, amma na dage. Na ce giwan ruwan Tiga sai da mota ake janyo shi. Na ce tsagen can ba yatsa yake cira ba, hannu yake cira. Suka haɗa kai suka yi min ca, wannan ya kama, wancan ya ƙarasa, har aka kira magariba. Yau ga Kainji da Chadi a sahu ɗaya. Ba wanda ya sake ta da zancen shiri.

Da muka nufi mota, Alhaji ya rage sauri har na iso kusa da shi. Bai dube ni ba, ni ma ƙasa nake kallo. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ni ma ba so nake babanki ya amsa ba. Amma dole in tambaye shi, kada ya ce na tafi ban neme shi ba."

Alhaji ya tafi shi kaɗai. A ƙofar gida suka yi sallama, don Baba ba ya zuwa filin jirgi saboda rashin takarda. Abin da Baba ya iya ce masa kawai shi ne, "In ka je ka leƙa Tigar nan, ka bugo ka gaya wa yarinyar nan gaskiya."

Juma'ar farko bayan tafiyarsa Baba ya zauna a kan dutsensa, ƙugiya a ruwa, bai ce uffan ba. Ni da nake addu'ar a yi shiru, sai shirun ya hana ni shan shayi. Tausayinsa ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Na tashi na matsa kusa.

"Ya Baba, maƙwabciyarmu ta ce jiya a Tiga an kama wani…"

"Ke, rufa min baki."

Sannan ya miƙa hannu ya kakkaɓe yashin da ke kan dutsen Alhaji.

"Yalla, maza zauna nan," ya ce. "Zauna in gaya miki abin da ake kira ruwa."