Ranar da Jikan Inna Ya Iso Kore

Bappa, wan mahaifina, tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na unguwar Barade. Wajen ƙarshen shekarun casa'in, babban ɗansa da muke kira Hamma ya zo hutu daga ƙasar waje, inda yake karatun likita, ya zo wa iyayensa da kwamfuta a kwali uku. Ya haɗa ta a falo, ya jona ta da layin tarhon gidan, ya rubuta lambar da ake bugawa Legas don shiga intanet da kalmar sirri a takarda ya manna a bango, ya koma. Nufinsa ya riƙa aiko musu da wasiƙa ta imel, a huta da jiran gidan waya.

Ni a lokacin ina buga takardu a wata ma'aikata, kuma an taɓa tura ni Yola kwas ɗin kwamfuta na mako uku. A wurin danginmu wannan ya isa a kira ni injiniya. Duk Asabar nakan je gidan in buɗe wasiƙun Hamma in karanta wa Bappa da matarsa, Inna.

Wata Asabar na zo da ɗan faifai daga ofis don in ƙarasa wani aiki da na bari. Mako na zagayowa kwamfutar ta fara gardama. A danna nan ta buɗe can, a buɗe wasiƙa ta daskare. Na ce wa Bappa ta kamu da bairos, wato cutar kwamfuta. Ban taɓa ganin ya yi murna da injin nan kamar ranar ba, don magana ta zo gonarsa.

"Daga wace dabbar ta ɗauka?"

"Ban sani ba, Bappa."

"Cuta ba ta faɗowa daga sama, ɓingel," in ji shi, wato yarinya da Fillanci. "Sai an yi cuɗanya."

Faifan yana cikin jakata. Na tura jakar ƙarƙashin kujera da ƙafa, na ce maganin dai shi ne a yi mata fomatin, wato a wanke mata ciki tas a sake zuba mata tsarin da take aiki da shi. Ya ce, "Maganin tsutsa ke nan. Ba ta."

A Yola sau ɗaya na ga an yi fomatin, shi ma daga bayan mutum goma sha. Amma babban faifan yana nan cikin ɗan littafinsa a durowar Bappa, kuma masu wuta sun yi mana kara ranar. Kafin la'asar kwamfutar ta tashi. Sai dai abin da ya bayyana a allonta ba shi na sani ba. 'Yan hotunan nan da ake dannawa sun kumbura, kowane ya yi girman ƙwai, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, launuka kuma sun gudu sun bar 'yan kaɗan masu ɗaukar ido kamar fentin bayan gingimari. Na ɗauka na lalata ta. Bappa kuwa ya matso, ya cire tabarau, ya karanta abin da ke rubuce ba tare da shi ba.

"Boɗɗum! Madalla! Ta warke har ta yi ƙiba. Kada ki sake taɓa wannan."

Na bar shi a haka, tunda yabo ya zo a inda nake jiran faɗa.

Ana nan sai Hamma ya bugo waya. Matarsa ta haihu makonni uku kafin nan, ɗan fari, kuma ya ce ya turo hoton jaririn ta imel. Inna ba ta jira Asabar ba. Ta aika direban gidan, wani dattijo marar son magana, ya ɗauko ni daga ofis ana tsakar aiki.

Na sa lambar Legas yadda take a bango, na danna. Modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya yi 'yan kukansa na tsuntsu, tit-tit-tut, ya yi shiru. Na sake. Na sake. Inna tana tsaye a kaina da ludayi a hannu. Kwana uku ina zuwa bayan tashi daga aiki, na canza igiya, na hure ramin igiyar da baki, na kashe na kunna har yatsana ya gaji. A rana ta uku Inna ta daina ba ni nama a miya.

Bappa ya yanke hukunci cewa laifin layi ne, ya sa aka kira ma'aikacin kamfanin waya. Wani tsohon Bamumuye mai gurguwar Hausa ne ya zo, da tsani ɗaure a keke. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, bai kuma da niyyar saninta. Ya ɗaga tsohuwar wayar Bappa mai juyawa, ya kara a kunne, ya ce in danna. Na danna. Ya saurara, ya yi dariya har da dafa bango.

"Madam, layi lafiya yake. Injin naka ne yana yi masa waƙa. Namu layi tsoho ne, ba ya jin waƙa. Sai ka ƙirga masa ɗaya ɗaya." Ya sa yatsa ya juya lamba bakwai, wayar ta yi kar-kar-kar tana komawa. "Ka ji? Wannan yare shi ya sani."

Na shiga bincike ina gumi, sai ga wani ɗan gurbi da ban taɓa lura da shi ba, inda ake zaɓen yadda za a buga lamba. Hamma ya gyara shi tun farko, fomatin ɗina ya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Na canza. Modem ya yi kar-kar-kar kamar tsohuwar wayar, ya yi jim, sannan ya fashe da ƙugin nan nasa mai kama da an taka wa kyanwa wutsiya. Mun shiga. Bappa ya ba tsohon zabuwa, ya rako shi har ƙofar gida yana useko, useko, godiyar Fulani.

Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi, a hankali kamar ana saƙa tabarma. Inna ta jawo kujera. Da farko bango ya fito, sai gashi, sai goshi. Goshin kore ne. Kumatu suka fito, kore da ɗigo-ɗigon shuɗi, leɓe kuma ja wur. Daga ƙarshe haɓa ta sauka.

"Innalillahi," in ji Inna. "Cutar shawara ce. A'a, ta wuce shawara. Uban yana karatun likita yana kallon yaro haka?"

Bappa ya mayar da tabaransa, ya duba da kyau. "Shekara talatin ina duba halittu. Mai wannan launi ɗaya na sani, hawainiya."

Inna ta fara kuka, ta ce a buga wa Hamma yanzu, ta kuma shiga lissafa saiwoyin da za a nemo a aika. Nan na ga abin ya wuce wasa. Na durƙusa na faɗi gaskiya: yaro lafiyarsa lau, allon ne ba ya iya nuna launi tun ranar da na yi fomatin, ƙibar da Bappa ya yaba kuma ita ce cutar. Har zancen faifan ofis na faɗa. Bappa ya ce, "Na gaya miki sai an yi cuɗanya." Ya fi jin daɗin cin gardamar fiye da jin haushina.

Ya tambayi maganin. Na ce injin direba yake nema, direban allo. Kafin in yi bayanin cewa wani ɗan tsari ne da ke zuwa a faifai, Bappa ya leƙa taga ya ƙwala wa direbansa kira. Dattijon ya shigo, ya cire hula, ya tsaya gaban kwamfutar yana jiran a ce ina za a kai ta.

Kunya ta hana ni dariya. Na ce masa ya yi haƙuri, ba shi ake nufi ba, wasu faya-fayai nake nema masu ƙyalli, da huda a tsakiya, da suka zo cikin kwali.

"Guda uku?" in ji shi. "Suna gona."

Ashe da Inna ta kwashe kwalayen don ta zuba albasa, ta tsinci faya-fayan, ta ga suna walƙiya, ta ba shi ya kai gonarta ta shinkafa a hanyar Kona, aka rataye su a sanda don korar tsuntsaye. Inna ta share hawaye ta ce ai kuwa suna aiki, ta kuma ce in an gama a mayar mata da su.

Washegari da safe muka tafi ni da direban. Shinkafa ta nuna, faya-fayan suna ta juyi a iska, kowane da igiya a hudarsa. Na tattare zani na shiga, laka har ƙauri. Ɗaya rana ta lanƙwasa shi kamar ganyen da ya bushe. Sauran biyun tsuntsaye sun bar musu kashi, shaidar cewa ba tsoronsu suke ji sosai ba. Na wanke su da sabulu a bakin rijiya, na goge da gefen gyalena, ina addu'a kada namu ya zama lanƙwasasshen.

Na farko da na sa na firinta ne, injin buga takarda. Na biyu injin ya yi ta gurnani a kansa, ya tofo shi sau biyu, a na uku ya karɓa. Na kashe na kunna. 'Yan hotunan suka koma ƙanana, rubutu ya sirance, Bappa ya yi tsaki ya laluba aljihu neman tabarau. Na buɗe hoton.

Yaro ne fari sol, mai kumatu, yana barci da hannu ɗaya a dunƙule kusa da kunne. Inna ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo, tana murmushi, tana kiran sunayen mutanen da ya ɗebo, hanci na wane, goshi na wance. Can sai fuskarta ta canza.

"Ba su sa masa hula ba. A ƙasar sanyi."

Ta ce in rubuta wa Hamma, yanzu. Na gyara zama na ɗora yatsu. Bappa ya ce in fara da gaisuwa, in ce kowa lafiya, injin ma lafiya, ban da wannan kada in ƙara komai a kan injin. Sauran wasiƙar, shafi guda cur, Inna ce ta yi ta, kuma duk a kan hula ne.