Gauraka Biyu a Gidan Yayana

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe ne, ranar Talata, a soron gidanmu na gado da ke Shahuci. Na san lokacin domin gyaran agogo ne sana'ata, ba na zama a wuri ban dubi hannuna ba. Mu biyar ne: ni, da yayana wanda shi ne babba a gidan, da mai unguwa, da wani ma'aikacin gandun daji sanye da kaki, sai wani dattijo baƙo da ke zaune daga bakin ƙofa yana shan koko. Direban ma'aikacin yana waje cikin mota, ban sa shi a lissafi ba.

Gauraka biyu da ke tsakar gidanmu su suka kawo ma'aikacin. Amma ba na son labarin da aka soma daga tsakiya, don haka zan koma baya in faɗi yadda suka shigo gidan.

Shekarun tashin bama-bamai ne. Ko'ina shingen bincike, mai babur ya sauka ya tura, mai jaka ya buɗe. Mutane kuma suna ta kwararowa daga gabas, wasu da tabarma, wasu da rigar jikinsu kawai. Yayana yana sayar da zaren saƙa a Ƙofar Wambai. Wata rana da hantsi wannan dattijo ya tsaya a gaban rumfarsa da wani babban kwando a ka, ya yi sallama. Daga bakin tafkin Cadi ya fito, masunci ne kuma manomi, an ƙone garinsu. Furfura ta cika gemunsa, tsagen mutanen can yana fuskarsa. Bai yi bara ba, kuma ga dukkan alamu bai iya ba.

A gidanmu akwai wata ƙa'ida da muka tarar wajen mahaifinmu. Ba a miƙa wa magidanci mai furfura sadaka a gaban jama'a. Idan ka ga yana cikin wani hali, sai ka dubi abin da ke hannunsa ka saya, ko da ba ka da amfani da shi, kuma ba ka taya. Abin da ya faɗa shi za ka ba shi, ya tafi a matsayin wanda ya yi ciniki. Da haka muka tara tsofaffin fitilu da buta marar marfi a ɗakin kaya. Yaya ya dubi hannun dattijon, babu komai sai kwandon. Ya ce, "Malam, abin da ke ciki na sayarwa ne?" Dattijon ya ɗaga tsumman da ya rufe bakin kwandon.

Haka gauraka suka zo gidanmu. Tun suna 'yan tsaki dattijon ya tsince su a fadamar gonarsa ya rene su, ya datse musu fiffike don kada su tashi, da za a gudu kuma su ya ɗauka ya bar komarsa. Yaya bai tambayi ko akwai doka a kansu ba. Ni ma da na dawo daga shago na gan su, abin da na tambaya shi ne me suke ci. Tun muna yara muna ganin gauraka a gidajen attajirai, ba mu taɓa jin an ce laifi ba ne.

Tsuntsaye ne masu tsari, abin da ya sa na so su ke nan. Dogayen ƙafafu, baƙin jiki, fari da ja a kumatu, da tukku ruwan zinariya kamar sabuwar tsintsiya. Da asuba za su yi kuka, sai a watsa musu dawa, sai su zagaya rijiya, kullum ta hannu ɗaya. Matar Yaya, wadda muke kira Hajiya, ta yi ta mita cewa suna tsattsage mata barkonon da ta shanya, amma ita ce mai tara musu fara. Dattijon ya sami wurin kwana a wani soro wajen Ƙofar Dawanau, yana ɗan dako. Yakan zo ya gaishe su, Hajiya ta aiko masa da koko da ƙosai. In ya yi musu wani irin fito, sai su buɗe fiffike su yi ta tsalle a gabansa.

Bayan wani hari da aka kai cikin gari, aka bi unguwarmu gida-gida ana bincike. Ba a sami komai a wajenmu ba, amma wani daga cikin masu binciken ya ga tsuntsayen, magana ta kai ofishin gandun daji. To, mun dawo ranar Talata.

Ma'aikacin ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Baba Alhaji, ba rigima ce ta kawo ni ba. Gauraka na cikin halittun da doka ta hana kamawa da sayarwa da ajiyewa ba tare da izini ba."

Yaya ya ce, "Yallaɓai, ai ba kamawa na yi ba. Saya na yi da rana tsaka a kasuwa. Gidan wane attajiri ne babu gauraka a da?"

"Shi ya sa yanzu babu su a fadama," in ji ma'aikacin. "Ni ɗan fadama ne. Da ina yaro in suka sauka sai ka ce an shanya baƙaƙen riguna. 'Ya'yana ba su taɓa ganin ko ɗaya a daji ba."

Ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma na yaba masa a kan haka. Tsuntsayen dole a tafi da su. Wanda aka same su a hannunsa shi ke amsa tambaya a kotu, ko ya sani ko bai sani ba. Amma idan Yaya ya faɗi wanda ya sayar masa, ya nuna inda yake, zai rubuta shi a matsayin shaida, maganar ta koma kan mai sayarwa, domin masu fataucin ake nema.

Dattijon ya ajiye ludayinsa.

Dole mai karatu ya gane halin wancan lokaci. Mutumin da ya fito daga bakin tafki, da tsage a fuska, ba takardar shaida, ba dangi a gari, in sunansa ya shiga takardar hukuma, maganar ba za ta tsaya a kan tsuntsu ba. Za a tambaye shi wa ya sani, me ya kawo shi, me ya sa aka ƙone garinsu shi ya tsira. Ban ce mugunta ba ce. Tsoro ne ya yi wa kowa yawa. Amma mun ga waɗanda aka tafi da su don tambaya ɗaya, iyalinsu suka yi ta sintiri. Yaya kuma bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Shi ake kira shaidar ɗaurin aure da rabon gado a layinmu.

Mai unguwa ya matso ya rage murya. "Alhaji, ka ce wani ne ya wuce ta kasuwa, ba ka riƙe fuskarsa ba. Kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, na riƙe fuskarsa sarai," in ji Yaya da ƙarfi. "Ƙarya ba zan yi ba. Faɗa kuma ba zan faɗa ba."

Na ga ya kamata a jera maganar a kan hanya. Na ce, "Yaya, bari mu bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na farko..."

"Kai mai agogo, ba wanda ya tambaye ka ƙarfe nawa," in ji Yaya.

Dattijon ya dafa ƙasa zai miƙe. Yaya bai ko juya ba ya ce, "Malam, zauna ka shanye kokonka. Hajiya ba ta son a mayar mata da saura." Ya koma ya zauna.

Aka yi wa mata magana suka shige ɗaki, muka shiga tsakar gida da kejin da direba ya sauko da shi. Tsuntsayen da suka ga baƙuwar fuska sai suka firgita, suka yi ta kuka suna bugun bango, macen ta faɗa kan turmi. Dattijon ya kasa daurewa. Ya leƙo daga soro, fiton ya kuɓuce masa. Nan take suka bar gudu, suka nufo shi, suka laɓe a bayan rigarsa, namijin yana goga masa tukku a hannu.

Babu wanda bai gane ba. Ma'aikacin ya dubi tsuntsayen, ya dubi tsagen fuskar dattijon, ya dubi Yaya. Ni dai na ji bugun agogon hannuna. Can ma'aikacin ya ce wa dattijon, "Baba, na ga kana da hannun kiwo. Taimaka mana ka sa su a keji, kada su ji rauni." Dattijon ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu magana da harshensu na can. Ma'aikacin ya rubuta cewa mai gida ya ƙi bayyana wanda ya sayar masa, ya karanta mana, Yaya ya sa hannu. Ma'aikacin bai tambayi dattijon ko daga ina yake ba.

Ranar shari'a na raka Yaya. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a akwatin waɗanda ake tuhuma, wanda wani ɓarawon akuya ya fita daga ciki. Alƙalin ya tambaye shi ko ya san haramun ne a doka, ya ce bai sani ba. Ya tambaye shi wa ya sayar masa, ya ce a yi masa afuwa, ba zai faɗa ba. Alƙalin ya ce rashin sani ba ya ɗauke laifi, sai dai ya sassauta hukunci. Aka ci shi tara, aka ja masa kunne. A hanyar dawowa muka biyo ta Ƙofar Wambai, inda maƙwabcin rumfarsa ya ɗaga murya, "A'a, Alhaji mai gauraka, an sako ka?" Sunan ya bi shi har ya rasu. Wasu gidaje sun daina kiransa shaida, ya lura, bai taɓa tanka ba.

Tsuntsayen an kai su gidan ajiye namun daji. Daji ba zai karɓe su ba saboda fiffiken da aka datse. Dattijon ya ci gaba da zuwa shan koko har hanya ta buɗe ya koma gabas da ƙafarsa, ba wanda ya taɓa kiransa ofis.

Ra'ayina bai canza ba. Dokar daidai take, ma'aikacin ya yi aikinsa, Yaya kuma ya biya abin da ya zaɓi ya biya da idonsa a buɗe. Gyaran da ya kamata tun a rumfa ne, kafin a ɗaga tsumman nan. Har yanzu ina bin ƙa'idar mahaifinmu, sai dai na ƙara mata sharaɗi.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. In mabuƙaci ya tsaya a gabanka da tsuntsu ko dabbar daji, kada ka kunyata shi, kuma kada ka sayi abin da ke cikin kwandon kafin ka je ofishin gandun daji ka tambaya. In kana son rufa masa asiri, sayi kwandon, ko hularsa, ko ka ba shi aikin yini.