Amyoyin Babana a Majigin Bature

A shekarata ta biyu ta karatu a Washington, cikin shekarun tamanin, wani likita ɗan Kano da ya riƙe ni kamar ƙanensa ya kira ni a waya. Ya ce wani Bature masanin birai zai nuna majigi a kan kurmin tsaunukanmu, a wani ofishi da ke unguwar Southwest, kuma akwai abinci. Ba zan ɓoye ba, maganar abincin ce ta fito da ni. Na saka kwat ɗin aro na hau jirgin ƙasa na Metro.

Ƙauyenmu yana can ƙololuwar dutse kusa da iyakar Kamaru, inda gajimare ke shigowa har ɗaki ya jiƙa maka bargo. Bayan gonakin masara akwai kurmi. Gwamnati ta ce gandun daji ne, amma ba wanda ya san inda iyakarsa ta tsaya, har su masu gadin. Babana mai zuma ne. Yakan saƙa amya da ciyawa, ya ɗaure ta a reshe da robar tsohuwar tayar keke, sannan ya lulluɓe ta da ɗanyen ganye, don a wurinmu ruwan sama ba ya sallama. Zumar nan ce ta kai ni makaranta, ita ce kuma abin da tsohon yake taƙama da shi a duniya.

Ni da likita muka tarar da ɗaki cike da masu ɗaurin nakatayal. Baturen ya miƙe da gemunsa, ya ce rahotonsa ne zai nuna inda za a ja sabuwar iyakar gandun. Da bakinsa ya faɗa cewa bai cika mako biyu a can ba, rabinsu ma gudawa ce ta cinye, amma bai fasa sanar da mu cewa ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa taka kurmin ba. Ni da na sha bulala a cikinsa saboda ɓatan akuya, na ci gaba da tauna burodina.

Aka rage fitilu. Ya nuna tsuntsu mai jan fiffike, aka yi tafi. Ya nuna gwaggon biri da ɗanta a baya, wata mata a gabana ta dafa ƙirji don tausayi. Na so a ba ta gadin gonar masara na yini ɗaya, mu ga inda tausayin zai kwana.

Sai ya sassauta murya, ya ce ga babban abin da ya gano. Daga ƙetaren kwari, cikin hazo, ya ɗauko hoton sheƙar biri mai ganga, wato babban birin nan mai dukan gindin bishiya, wanda yake shimfiɗa ganye a sama ya kwanta. Ya ce duk inda aka sami irin wannan sheƙa, doka ba za ta bari a taɓa ko reshe ɗaya ba.

Na dubi hoton. Na gane tsagaggen dutsen da ke gefe, na gane bishiyar. A ƙarƙashin ganyen kuwa ga baƙar robar keke tana reto, da irin ƙullin da nake gani tun ina rarrafe.

Na ɗaga hannu. Likita ya ja mini kwat.

"Ƙanena, zauna," in ji shi a hankali. "Baki shi ke yanka wuya."

"Haba Yaya, babana fa ake mayarwa biri a gaban jama'a."

"To, sai me? Ci burodinka."

Ban ji ba. Na miƙe na zuba Turancin da na fi ji da shi. Na ce wannan birin na san shi, yana da mata da 'ya'ya, yana zuwa kasuwa ran Laraba, ɗansa ma ga shi tsaye a gabansu. Ɗaki ya kwashe da dariya, kunnuwan Baturen suka yi jawur. Wallahi na ji daɗi, irin daɗin da ban taɓa ji ba tun da na sauka ƙasar.

Bayan an tashi ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce na cece shi daga abin kunya. Ya tambayi inda sauran amyoyin suke. Kaina ya riga ya kumbura. Na ɗauki takardar goge baki na zana masa rafi, da tsagaggen dutse, da 'yar hanyar da babana kaɗai ke bi, na ɗiga masa kowace bishiya. Likita yana gefe yana kallon silin. A motarsa ya mayar da ni unguwarmu ta Northwest.

Damina biyu ta wuce kafin wasiƙar babana ta zo, da rubutun malamin makarantarmu, don tsohon bai iya boko ba. Bayan gaisuwa da labarin masara, ya ce masu gadin daji sun zo da sabon kaki da wata takarda mai zane. Ba su yi ko lalube ba, kai tsaye suka bi bishiya bishiya, suka sauke amyoyin suka cinna musu wuta, wai ɓarnar mutane ce a cikin gandu. Da na bar babana a birinsa, da har gadi za a ba shi.

Na karanta layin ƙarshe a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, kunya ta hana ni hawa bene. Ya ce: "Sun ce wani mai ilimi ne a Amurka ya zana musu hanyata. Tunda kana can, in ka gamu da shi, ka tambayar mini abin da na yi masa."

Na amsa masa duk sauran abin da ke cikin wasiƙar. Har Allah ya karɓi ransa yana jiran amsar wannan.