Direba a Kan Mota

Shekarata ta biyu a lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda. Na dawo na tarar an ba da aikin gida a kan darasin da ban gani ba. Tambayar da Faransanci take: mota ta tashi daga Garwa zuwa Rey Bouba, a bayyana ma'anar 2v, da d − 2v, da d/v.

A gidanmu na unguwar Roumdé Adjia babu wanda ya san hanyar nan kamar kawuna, tsohon direba. Na kai masa littafin yana shan shayi a ƙofar gida. Ya riƙe shi nesa da ido, ya ce ai wannan ba lissafi ba ne, zancen tasha ne. V dai voiture ce, mota ke nan, don haka 2v motoci biyu ne. D kuwa direba.

Na tambaye shi d − 2v. Ya girgiza kai, ya ce wannan direba ne da aka ƙwace masa motoci biyu, ya ma san mutumin.

"To d/v fa, Kawu?"

"Ba ka ga d a sama ba? Direba ne a kan mota, yana ɗaure kaya."

Na rubuta duka da kyakkyawan rubutu, har na ja layi da jan biro.

Malaminmu ya karanta wa aji amsata ba tare da ya yi murmushi ba, sai dai ya fita waje na ɗan lokaci, muka ji shi yana tari. Da ya dawo ya zana doguwar hanya a allo. Ya ce d nisan tafiyar ne, v kuma gudun motar a awa ɗaya. A awa biyu motar ta cinye 2v, abin da ya rage mata shi ne d − 2v. Ka raba nisa da gudu, ka san awoyin da za ka yi a hanya. Nan take na gane, kunya kuma ta rufe ni.

Da yamma na yi wa kawu bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ko malamin ya taɓa bin hanyar da damina. Na ce ban sani ba. Ya ce in gaya masa akwai kujerar gaba a motar abokinsa ranar Juma'a, ya zo da allinsa.