Malama Durƙusa

A kwalejin horon malamai ba mai kiran sunanta, sai dai Malama Durƙusa. Ranar farko ta kowane zango takan shigo aji, ta ajiye jaka, ta ce wa ɗalibanta, ƙarti masu gemu da matan aure, kowa ya durƙusa. Sai ta tsaya a kansu ta yi ta bayani har wuyansu ya sage.

"To, kun ji abin da ɗan shekara uku yake ji," in ji ta. "In za ku yi masa magana, ku sauko."

Da ajin reno ta fara, yara arba'in, tabarma biyu. Shekara tara tana share majina tana raba faɗa kafin ta koma karatu. Da ta kammala digirin digirgir a kan wasan ƙasa, mahaifiyarta ta rasa inda abin murnar yake. "Wai shekara biyar kina rubutu kan yadda yara ke cika gwangwani da yashi? Da ni kika tambaya, ai a kanki na gani."

Aikin ya bi ta har gida. Maigidanta, mai shagon magani, in ya dawo yana ƙunƙuni, sai ta sassauta murya ta ce, "Baban yara, faɗi da baki, me ke damunka?" Shi kuwa yakan ce shekara talatin ke nan yana aji ɗaya, ba a taɓa ciyar da shi gaba ba. A taron shugabannin sassa ma, ranar da gardama ta kaure, tafi uku ta yi. Manyan malamai suka yi tsit, wani har da naɗe hannu.

Shekarar da ta zama farfesa, 'yarta za ta tafi kwas, ta kawo mata jikarta ta zauna mako guda. Washegari yarinya ta ƙi sa takalmi. Farfesa ta ba ta zaɓi biyu, kamar yadda ta rubuta a babi na huɗu na littafinta: ja ko shuɗi? Yarinya ta ce, "Babu." Aka yi waƙa, aka yi lallashi, aka kawo dalili. Yarinya ta wurga ɗaya bayan kujera.

Maigida ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauko takalmin, ya shiga cusa babban yatsansa ciki yana nishi. Yarinya ta fizge. "Nawa ne," ta ce, ta zauna ta saka abinta.

"Farfesa, wannan a wane babi yake?" ya tambaya.

Ranar Litinin ta kwashe labarin kaf ta ba ɗalibanta, har da inda ta sha kaye, ta ce kowa ya rubuto shafi biyu kan dalilin da dabararsa ta ci. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaya ko za a gayyato mai maganin ya ba da lacca. Malama ta ce za ta duba, amma kada wanda ya kuskura ya kai masa zancen, don in ya ji, ita da sakat a gidan sai wata shekara.