Albishir ɗin da Ya Kwana a Bakina

Tashi daga Gwandu

Tun kafin kiran assalatu na fito da kekena daga zaure, na ɗaure tabarma da buta a kariyar bayansa. Na yi sallar asuba a masallacin bakin kasuwa, na kama hanyar Birnin Kebbi gari bai gama wayewa ba. Ba wanda ya raka ni. Inna kaɗai ta san da tafiyar, ta ƙulle mini hoce a ƙyalle, ta ce in gaishe da Malam.

Bari in gaya wa masu karatu abin da ya tashe ni. Sunana Attahiru, ina koyarwa a elementare ta Gwandu, albashina daga En'e, wato hukumar gargajiya, yake fitowa. Gwandu garin malamai ne, amma ba irina ba. Mai koyar da boko a nan ana amsa masa sallama da kyau, sai dai in ya nufo dakalin hira, kafin ya iso wuri ya cika. Mutum ɗaya gare ni da nake buɗe wa cikina, shi ne Malam Haliru na makarantar Kalgo, wanda ya fara riƙe mini hannu a kan fensir. Da hutun da ya wuce ya gaya mini, kansa a ƙasa, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma ya gaji da karɓar dawa a hannun ƙanensa manomi. Ya ce in kaka ta yi ba abin da ya sake, zai ajiye alli ya bi surukinsa Kumasi fataucin goro.

To ga kaka ta yi. Ran Litinin da yamma, a ƙofar gidan hakimi inda ake kunna akwatin rediyo, sai na ji an ce majalisar Kaduna ta amince da dokar ƙara wa malaman En'e albashi. Na waiwaya ina neman wanda zan yi murna da shi, ashe duk jama'a farashin auduga suke jira. Daga nan gidan hedimasta na wuce na roƙi kwana uku. Niyyata guda ce, in kai wa Malam labarin nan da bakina kafin ya ɗaure kaya.

Ambursa

Hanyar yashi ce, wani wuri ka hau keke, wani wuri keke ya hau ka. Ko'ina an kayar da dawa, sai kara a kwance da shanun Fulani suna bi. Na yi tafiya mai nisa ban yi magana da kowa ba sai wata mai nono da ta sayar mini da fura ta kwabo biyu, ita ma ciniki kawai muka yi.

Hantsi ya dubi ludayi na iso Ambursa, ƙafar baya ta sace tun daga bayan gari. Ina tura keke sai wani ɗan doka ya taso daga gindin ɗorawa, ya ɗaga mini hannu. Ya duba lambar En'e da ke maƙale a keken, ya goge ta da yatsa, ya sake dubawa, kamar ni na ƙera ta.

"Ina zuwa da wannan rana?"

"Kalgo."

"Mi ka sana'a?"

"Malamin makaranta."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya tsaya a kan facin da ke gwiwar wandona, ya ce, "Awo, na gani. Wuce, Allah shi kyauta."

Wallahi abin ya sosa mini rai, amma me zan ce? Gaskiya ya gani. Na yi sa'a wata motar gyaɗa ta tsaya shan ruwa. Direban, wani Bayarabe mai jin Hausa kamar a Jega aka haife shi, ya ce sule ɗaya ni da keke. Na ce ai keken ba ya cin wurin zama. Ya ce, "Malam, kai ma ba zama za ka yi ba, rataya za ka yi." Haka kuwa aka yi, a kan buhuna na iso Birnin Kebbi, ina rungume da keke.

Birnin Kebbi

Na ba mai faci keken, na nufi ofishin ilimi na En'e, don ba na son in kai wa babba maganar rediyo kawai. Akawun da na iske yana shirin tashi ne. Ban san abin da ya sa akawu yake ganin tambaya kamar an zo raba shi da gadonsa ba. Sai da ya gama nannaɗe rawaninsa tsaf, sannan ya ce gaskiya ne, umarni ya iso, za a fara biya da sabon wata, kuma tsofaffin malamai irin su Malam Haliru su za su fi samu.

Na fito na zauna a gindin bangon masallaci, na yi azahar, na ci hoce da ruwan buta. Garin cike da mutane, ba wanda na sani. Farin ciki ya cika ni har wuya, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba.

Kalgo

Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo ba nisa, hanyar kuma ta fi ta safe tauri. Na isa rana ta yi ja. Malam yana zaune a ƙofar gida a kan buzu, da ya hango ni ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi hedimasta, ya tambayi damina yadda ta ƙare. Sannan ya dube ni cikin ido ya ce, "Atta, lahiya dai ka zaka tsakiyar mako?"

Akwai maƙwabta uku zaune tare da shi. Masu karatu sun san halinmu. Ba a buɗe baki da abin da ya kawo ka tun ƙura ba ta bar ƙafarka ba. Balle zancen albashin mutum, a gaban maƙwabtansa, kuma mutumin nan malaminka ne. In na faɗa a nan, na tona cewa yana cikin rashi ke nan, gobe kuma duk Kalgo ta san an ƙara masa. Sai na ce abin da kowane mai tarbiyya zai ce.

"Lafiya lau, Malam. Gaisuwa ce kawai."

Ya ce, "Madalla," ya koma ya zauna a hankali.

Aka yanka mini zakara. Bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa, ga miyar kaza ga busasshen kifi, irin cin da ban yi ba tun Sallah. Mutane kuwa sai shigowa suke, wannan ya tashi wancan ya zauna, kowa ya riƙe hannun Malam ya daɗe bai saki ba. Ni da wautata na ɗauka baƙo suka zo gani, har ina jin kaina. Ina ta jiran zaure ya rage, zaure ya ƙi ragewa. Da aka yi isha na matsa kusa na ce, "Malam, akwai 'yar magana." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka sha hanya, idonka ya yi ja. Kwanta, safiya na nan." Ba a musu da babba a kan irin wannan. Na shimfiɗa tabarma a zaure, gajiya ta ɗauke ni.

Da asuba ban ga Malam a sahu ba. Da aka sallame na tambayi liman. Tsohon ya ce, "Ashe bai hwaɗa maka ba? Sun tahi tun kahin kira, shi da surukinai. Jiya ai bankwana munka yi." Ya ce sun nufi mashigin gulbi na wajen Diggi, daga can su bi ta Bunza zuwa Kamba su sami mota.

Bakin gulbi

Ban tsaya ɗaukar tabarma ba. Na taka keke har inda fadama ta fara, taɓo ya riƙe ƙafafun, na jingine shi a bukkar wasu masu gadin shinkafa, na tuɓe takalmi na ci gaba da ƙafa. Ruwa bai gama janyewa ba, wani wuri har gwiwa. Ina tafe ina addu'a jirgi ya makara.

Ya kuwa makara. Na iske su a gaɓa, mutum wajen goma da ƙunshin kayansu, jirgin yana tahowa daga wancan ƙetare. Malam yana gefe a tsaye, da lema a hammata. Wannan karon ban gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Ina haki na ce, "Malam, an yi dokar. An ƙara. Na je ofis da kaina, sabon wata za a fara."

Ya daɗe yana kallon taɓon da ke ƙafata.

"Yaushe ka sani?"

"Tun Litinin. Shi ya kawo ni."

"Jiya da munka ci tuwo, mabuɗin makaranta na cikin aljihuna," in ji shi. "Na riƙe shi har ranar ƙarshe, ina cewa ko Allah zai kawo wani abu. Da na hango ka bisa keke na ce to ga shi nan. Na tambaye ka, ka ce gaisuwa ce. Da ka kwanta na tahi gidan hakimi na miƙa shi gaban mutane."

Na ce, "Malam, ai kai ma ba ka gaya mini za ka tashi ba."

"Ana faɗin ranar tahiya, Atta? Kuma ka sha wannan hanya don ka gaishe ni, in tare ka da bankwana?"

Na roƙe shi. Na ce mabuɗi ai ana karɓowa, hakimi zai yi murna, ni zan je in yi bayani. Ya girgiza kai. Ya ce iyalinsa sun koma gidan iyayensu, surukinsa ya sallami wani ya ba shi gurbinsa a ayarin fatake, liman ya shafa masa fatiha a gaban gari. "In na juyo daga bakin ruwa don an ce ga kuɗi, da wane ido zan tsaya gaban yaran nan?" Surukin nasa yana jin mu, ya kawar da kai yana gyara igiyar kaya.

Jirgi ya iso. Malam ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Na yi maka murna. Kai ka zauna, kada ka bar aji." Ya shiga ya zauna yana fuskantar wancan ƙetare, bai waiwayo ba, na kuwa san dalili. Na tsaya har suka sauka suka shige cikin dogayen ciyayi. Sannan na zauna a kan gaɓa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, ba kowa wurin sai mai jirgi, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

Komowa

Na biyo ta Kalgo ɗaukar tabarmata. Hanya ta bi da ni ta gaban makaranta, ƙofa a rufe, yara na zaune a inuwar bango suna jira, ba wanda ya gaya musu su koma gida. Ni ma ban iya ba.

Na kwana a Birnin Kebbi, a zauren mai facin nan, bawan Allah bai karɓi ko anini ba, har ya ba ni kunu da safe. Ban sami mota ba, na tako keke ta Ambursa, ɗan dokan nan yana gindin ɗorawarsa, bai ko tashi ba. Na shiga Gwandu ana kiran la'asar. Inna ta ga fuskata, ta ajiye mini ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya. Na gode wa limamin Kalgo, da masu gadin shinkafa da suka tsare mini keke, da mai faci da ya ba ni makwanci. Ƙarin ya zo da sabon wata kamar yadda aka ce, na karɓa, na dawo gida na rasa wanda zan gaya wa.

Roƙona ga masu karatu ɗaya ne. Wanda duk hanya ta kai shi Kumasi, in ya ga wani dogon dattijo a cikin masu goro, mai harshen Kabi, wanda in zai yi lissafi sai ya rubuta a ƙasa da yatsa, ya gaya masa har yau ba a kawo malami Kalgo ba, hakimi kuma ya ce mabuɗin na nan yana jiransa duk ranar da ya zo. Don Allah ku faɗa masa tun kuna tsaye, kada ku jira a gama gaisuwa.